Mai Harbi, Babur ɗin Mika'ilu

Asabar, bayan La'asar

Matata Sauda ta ce na fara magana ni kaɗai kamar wanda iska ta taɓa, yara suna tsorata. To ga shi na koma rubutawa, ita takarda ba ta tsorata.

Yau aka yi sadakar ukun Mika'ilu, ƙanina, uwa ɗaya uba ɗaya. Ranar Laraba da yamma ya ɗauko fasinja daga Ɗambatta, ranar Alhamis da safe masu zuwa gona suka tsince shi a bakin kwalbati, babu babur. Ba zan rubuta yadda aka same shi ba. Ni da liman muka yi masa wanka, na san abin da idona ya gani. Ciwo ɗaya ne a jikinsa da ba na wuƙa ba, wani sabon shati baƙi a ƙwaurinsa na dama. Wannan kam na san mai shi, babur ɗinsa ne.

Mai Harbi muke ce masa. Tsohon babur ne, ya girmi auren Mika'ilu nesa ba kusa ba. Taimin ɗinsa ya goce, wuta tana zuwa kafin lokacinta, kana taka kik, ƙarfen tayar da inji, sai ya dawo maka da shi kamar jaki ya yi harbi. Ga shi in ya ɗau zafi sai ya mutu, sai ya huce don kansa. Tun ina saurayi nake gyaran babura a gindin darbejiyar bakin titi, amma na ƙanina ya gagare ni, don ba ya yarda ya bar mini shi ko wuni ɗaya. Kullum sai ya ce, “Yaya, in na ajiye shi yau, me Zulaihatu za ta ɗora a murhu?” Tun da fetur ya haukace, kwanon masara ya bi shi, sai in ƙyale shi ya tafi da abinsa.

A wurin zaman makoki Basiru, shugaban 'yan sintirin garinmu, ya matso kusa da ni ya ce, “Injiniya, kai ka san babur ɗin nan ciki da waje. Babu wata alama da za mu bi?”

Na ce, “Duk ɗan iskan da ya ɗauke shi, ku duba ƙafarsa ta dama. Wallahi tallahi sai ya harbe shi.”

Da ƙarfi na faɗa, kowa a kan tabarma ya ji. Basiru ya gyaɗa kai ya tashi. Na ji daɗin faɗin maganar, shi ne daɗin farko da na ji tun ranar Alhamis.

Lahadi, da hantsi

Inna ta ƙi cin komai sai ruwan koko. Ba ta kiran sunana tun da ni ne ɗan fari, sai dai ta ce, “Kai, an kama shi?” Na ce ana nema. Zulaihatu ta shiga takaba, tana ɗaki ba ta fita, Sauda ce ke kai mata abinci.

Litinin, bayan Magariba

Yau duk namijin da ke garin nan ya nuna ƙwaurinsa. 'Yan sintiri suka bi gida gida, majalisa majalisa, a tattare wando su duba. Da farko abin kamar wasa, har ana tsokanar mai shayi wai ƙafarsa ta fi ta zakara sirantaka. Aka yi dariya, ni ban yi ba.

Da suka isa gidan Usaini dariya ta ƙare. Sun same shi zaune a zaure, ƙafar dama ta kumbura suntum daga idon sawu zuwa sama, an shafe ta da man shanu an ɗaure da tsumma. Ya ce san nomansa ne ya taka shi wajen huɗa ranar Alhamis. Ranar Alhamis fa! Kuma kowa ya san gonarsa ce ke jikin ta Mika'ilu, kowa ya san abin da ya faru bara a kan iyaka, har aka zare fartanya.

Suka jawo shi waje da ƙafa ɗaya. Da aka aiko mini, da sufana a hannuna na tafi, ban ma san ina riƙe da ita ba. Na tarar an zagaye shi, Basiru na tambaya, gora na amsawa. Yana ta cewa, “Ku tambayi matata! Ku je ku duba san!” Wani ya ce sa ba ya ba da shaida, ya ƙara masa a baki. Jini ya ɓata masa gemu.

Da ya hango ni sai ya ce, “Muntaka, ka san ni fa. Tare muka yi allo.”

Na san shi mana. Ba zan ce ban ɗaga hannu ba.

Sun kulle shi a ofishin sintiri, ɗan ɗakin da ke tsallaken titi daidai garejina. Dagaci ya ce a kai shi wurin 'yan sanda, Basiru ya ce in an kai shi jibi za a gan shi a kasuwa yana cin tsire. Jama'a suka goyi bayan Basiru, Dagaci ya koma gida.

Talata, da safe

Na wanke sufanar da kananzir. Na sake wankewa.

Laraba, bayan Azahar

An samu Mai Harbi. Masu yankan ciyawa ne suka gan shi kwance cikin dawa, ba nisa da kwalbatin. Ya ɗau zafi ya mutu musu kamar yadda ya saba, suka yar da shi. Aka turo shi har garejina, mutane na biye kamar an ɗauko gawa ta biyu. Da na ga tsumman da Mika'ilu ke ɗaurawa a madubi sai da na zauna a ƙasa.

Babu kik a jikinsa. Basiru ya ce, “Ka gani? Da ya harbe shi, haushi ya sa ya cire ya yi jifa da shi.” Kowa ya ce haka ne. Na durƙusa zan sa wani kik daga cikin tarkacena, sai na ga an naɗe bakin sandar da kik ke shiga da farar leda, an ɗaure tamau da robar tsohon tub na taya, ɗauri mai kyau, irin na hana ruwa shiga. Na warware na cusa a aljihu. Ba wanda ya kula.

Basiru ya ce, “Injiniya, tayar da shi jama'a su gani da idonsu.”

Na san halinsa, don haka na taka na janye ƙafa da sauri. Ya yi wata ƙara, ya dawo da kik ɗin da ƙarfin da ya sa takalmina ya yi sama ya faɗa tsakiyar titi. Wuri ya ɗauka da kabbara. Ban gama ɗauko takalmin ba na ga sun tsallaka titi, sun buɗe ɗakin.

Wannan karon da taɓarya suka shiga. Na ji ƙarar abin da ya karye tun daga nan inda nake. Ɗaya ƙafar ce, mai lafiyar.

Ledar tana aljihuna.

Alhamis, da hantsi

Na ce sai na gyara babur ɗin nan ko zan mutu a kansa. Sauda ta ce wa zai hau, na ce ta fita harkata.

Na cire fulogi, baƙi ƙirin, na goge na jingina shi jikin inji na taka. Wuta tana zuwa, shuɗiya mai kyau. Na tura shi ya tashi, na bar shi yana aiki har inji ya yi zafin da ba a taɓawa, sai ya yi tari ya mutu. Na sake gwada fulogi, babu wuta ko ƙyas. Na sa sabo, babu. Na canja kwayil ɗin da ke ba fulogi wuta, babu. Na cire ɗan baƙin akwatin nan da muke ce wa sidiyai na sa na wani babur, nan ma babu. Da ya huce sai wuta ta dawo kamar ba ita ba. Ciwon yana can ciki ke nan, bayan maganeto, faifan nan mai juyawa a gefen inji, kuma ba ni da abin zare shi.

Duk wannan aikin da nake yi ina jin Usaini. Ba ihu yake yi ba yanzu, wani nishi ne mai fita a hankali, ya tsaya, ya dawo. In babur yana aiki ba na ji. Shi ya sa nake ta tayar da shi, fetur ɗin da ba ni da shi yana ƙonewa a banza.

Ɓarawo mai gudu da jini a hannu ba ya tsayawa ya... a'a. Ba wannan na zauna rubutawa ba.

Juma'a, bayan masallaci

Asama'u matar Usaini ta zo garejina. Macen da ban taɓa ganin fuskarta a waje ba, yau ga ta tsaye a bakin titi da kwanon fura, an hana ta miƙa masa. Ta durƙusa can nesa da ni, cikin baƙin mai.

Ta ce, “Malam Muntaka, ina wuni. Ya ƙarin haƙuri?”

Na ce da godiya, ban ɗago ba.

Ta ce, “Ranar Laraba da dare a ɗakina ya kwana. Da safe a gabana san ya taka shi, ni na kai masa koko gona. Na rantse da Alƙur'ani sun ce rantsuwar mace a kan mijinta ba ta ci. Sun ce maganarka suke bi. To ka yi musu wata maganar mana, don girman Allah.”

Na ce, “Ni kanikanci na sani, ban san shari'a ba.”

Ta ce, “Ai da kanikancin aka kama shi.”

Na daka mata tsawa. Na ce ta tashi ta ba ni wuri, ni ma gawa na binne, wa ya zo ya durƙusa mini? Ta tashi, ta bar kwanon furar a wurin. Ƙudaje suka taru a kai har La'asar, na kasa zubarwa na kasa matsar da shi.

Raina a ɓace yake, kuma ba da ita ba.

Asabar, da yamma

Na je Ɗambatta, na aro abin zare maganeto, na sayo ɗan kwayil na ciki. Mota ta wuce ta kan kwalbatin. Na kalli ɗaya gefen.

Lahadi, bayan La'asar

Na zare maganeto. Ɗan kwayil ɗin da ke faɗa wa sidiyai lokacin sakin wuta ya tsage, in ya ji zafi sai wayar ciki ta rabu, shi ne mutuwar da yake yi. Harbin kuma ga dalilinsa: ɗan ƙarfen da ke riƙe maganeto a mazauninsa, wanda bai kai ƙwayar gyaɗa ba, ya cinye rabi, maganeto ya zame gaba. Abin da ya yi ta farfasa ƙwaurin ƙanina ke nan. Aikin rabin wuni. Na riƙe shi a tafin hannu na yi ta zagin Mika'ilu, na zagi taurin kansa, na zagi fetur, na zagi masara, sannan na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Na sa sabo, na daidaita alama da alama, na ɗaure. Taka ɗaya ya tashi, lafiya lau, kik ya dawo a hankali kamar ɗan rago. Na bar shi ya yi zafi iya zafi bai mutu ba.

Basiru ya tsallako yana sakace. Ya ce, “Injiniya, mutuminka ya ƙi faɗin abokan aikinsa. Jibi da asuba za mu kai shi bakin kwalbatin, wataƙila in ya ga wurin ya tuna.”

Na ce, “In bai tuna ba fa?”

Ya ce, “To ai wurin ya saba karɓar baƙi.”

Yau ban ji nishin ba sosai. Ledar tana aljihuna, na canja riga na mayar da ita cikin sabuwar.

Litinin, da hantsi

Sauda ta shigo da wani abu a naɗe cikin ɗankwali ta ajiye a gabana. Ta ce, “Baban Furera, Zulaihatu ta ji ƙarar babur jiya, ta tambaye ni, na ce ka gyara. Shi ne ta ce a kawo maka wannan, a ƙarƙashin gado yake.”

Kik ɗin Mai Harbi ne. Na san shi, ni na yi masa walda a wuya.

Na je na tsaya a bayan labulen ɗakinta, muka gaisa. Ta ce, “Yaya, ranar Talata da dare babur ɗin ya harbe shi har ya kasa sallah a tsaye. Shi ne ya cire ya ce ba zai ƙara taka shi ba sai ka duba, zai riƙa turawa. Ni na riƙe masa ledar yana ɗaurewa.” Ba ta san komai ba. Tana ɗaki tun ranar da aka binne shi, an ce kada a tayar mata da hankali, ba wanda ya gaya mata ana duba ƙafafun mutane.

Babur ɗin ba shi da kik ranar da aka kashe Mika'ilu. Bai harbi kowa ba.

Sauda ta kalle ni ta ce, “Ba ka yi mamaki ba.” Na ciro ledar na ajiye kusa da kik ɗin. Ta dube ta, ta dube ni, ta ce tun yaushe? Na ce tun Laraba. Ta ja ɗankwalinta ta fita.

Litinin, bayan La'asar

Wurin Basiru na fara zuwa. Ya juya kik ɗin a hannu ya ce, “Kai ka faɗa da bakinka, kai ka tayar da shi a gaban jama'a. Yanzu so kake a ce mun karya mutum a banza? Mayar da ƙarfenka aljihu, Injiniya.” Na ce ba zai shiga aljihu ba. Wani yaronsa ya shaƙe ni ya haɗa ni da bango, haƙorina ɗaya yana motsi yanzu.

Na bari aka sallame La'asar na miƙe a sahun gaba, baki na jini. Na ɗaga kik, na ɗaga leda, na faɗi komai, har ranar da na ga ledar. Wani daga baya ya ce Allah ya isa, ban san ko da ni yake ba ko da Basiru, ina jin da ni ne. Liman ya tashi, Dagaci ya tashi, aka ɗunguma zuwa ofishin. Waɗanda suka yi kabbara ranar Laraba su ne a gaba wajen ɓalle kwaɗon.

Warin da ya fito daga ɗakin ya mayar da mutane baya. Ƙafar hagu ta juya inda ƙafa ba ta juyawa, ta dama ta yi baƙi har gwiwa. Idonsa a buɗe, jikinsa kamar garwashi. Mai ɗori ya duba ya ce wannan ya wuce shi, sai asibiti, kuma yanzu.

Babu mota a garin. Masu babura biyu da suka rage sun ce ba sa bin hanyar nan da yamma tun abin da ya faru. Saura guda ɗaya.

Talata, da hantsi

Aka ɗora mini shi a baya. Ba ya iya riƙe ni, sai Asama'u ta kwance zanen da ta yafa ta miƙo, aka goya mini shi kamar jariri, na ƙulle a ƙirjina da ƙarfi. Taka ɗaya Mai Harbi ya tashi.

Kansa yana kafaɗata, numfashinsa na dukan wuyana da zafi. Da muka fita gari ya ce, “Na Mika'ilu ne wannan?” Na ce shi ne. Ya ce, “Ya daina harbin?” Na ce ya daina. Ya ce, “Ka iya aiki, Muntaka.” Na ce ya yafe mini. Iska tana da ƙarfi, ban sani ba ko ya ji. Na sake faɗa da ƙarfi. Na yi ta faɗa.

Babur bai yi tari ba ko sau ɗaya, ya wuce kwalbatin, ya wuce gonakin dawa, yana ta tafiya kamar sabo. Ban san daidai inda wuyana ya daina jin zafin ba. Na dai ji ya ƙara nauyi, na ƙara wuta.

A ƙofar asibitin wata ma'aikaciya ta taɓa wuyansa ta ce in sauke shi a hankali, babu sauran gaggawa. Ƙullin ya ƙi kwancewa, sai da aka kawo reza aka yanka zanen.

An binne shi ɗazu, kabari ɗaya ne tsakaninsa da Mika'ilu. Basiru ya zo jana'iza, ya tsaya a sahu, har ya ɗauki makara.

Laraba, da yamma

Inna ta ce, “Kai, an kama shi?” Na ce ana nema.

Alhamis, bayan Azahar

Sauda ta fara yi mini magana yau, karon farko tun ranar Litinin, ita ma saƙo ta kawo. Ta je gaisuwa gidan Usaini, Asama'u ta shiga takaba. Asama'un ta ce a mayar mata da zanenta.

Na ce an yanka shi gida biyu, ga jini, ga baƙin mai, ta bari in sayo mata wani in Allah ya hore. Sauda ta ce ta gaya mata haka.

“Me ta ce?”

“Ta ce ba sabo take so ba, kuma kada a wanke. Ta ce kai ne ka ji maganarsa ta ƙarshe, ita ba ta ji ba. Ka kawo zanen da hannunka, ka tsaya a bayan labule ka faɗa mata abin da ya ce.”

Zanen yana kan cinyata. Da an kira La'asar zan tafi. Abin da ya ce shi ne na iya aiki.